Ƙurajen mazaunan jariri da suka ƙi warkewa

Yau shafinmu na kiwon lafiya zai yi magana a kan wani ciwo da mutane da yawa suke rainawa. Shi ne ciwon da ke cin fatar jariri a mazaunai, da matsematsi, da kewayen gaba da dubura, wato duk wurin da tsumma ko famfas yake rufewa. Fatar wurin takan yi ja, ta yi sheƙi, wani lokaci ta sale har jan nama ya fito. Jariri ya yi ta kuka duk sa'ad da ya yi fitsari, domin fitsarin a kan miki yake sauka. Ba ya barci, uwarsa ma ba ta barci.

Yawancin wannan ciwo yakan wuce cikin kwana biyu ko uku idan an kula da shi. Amma akwai wanda yakan ƙi tafiya. A shafa wannan, a shafa wancan, kasuwa ta ci ta sake ci, ciwo yana nan. A kan irin wannan ne za mu tsaya, domin ciwon da ya ƙi warkewa yana da dalili, kuma sai an san dalilin ake samun maganin.

Me yake kawo shi?

Fatar jariri ba ta kai ta babba kauri ba. Idan ta daɗe a jiƙe sai ta yi laushi. Kowace mace ta san yadda yatsunta suke tamoji idan ta daɗe tana wanki. Haka fatar mazaunan jariri take zama idan ya wuni cikin jiƙaƙƙen tsumma. Fata mai laushi ba ta jure guga. Tsumma yana gugar ta, zanen goyo yana gugar ta, sai ta fara ƙujewa.

Fitsari shi kaɗai ɓarnarsa kaɗan ce. Babbar ɓarna tana zuwa ne idan fitsari ya haɗu da kashi. A cikin kashi akwai ƙwayoyin cuta ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke juya fitsari ya yi zarni, wannan wari mai shiga hanci da ake ji a tsumman da ya kwana. Zarni yana da kaifi irin na ruwan toka. Ku tuna da majema: cikin ruwan toka suke jiƙa fatar akuya domin gashi ya saki. To, fatar akuya ke nan, ina ga fatar jaririn wata uku?

Akwai kuma abu na biyu. A cikin hanji akwai ruwan da aikinsa narkar da nama da mai na abincin da aka ci. Ragowarsa yana fitowa tare da kashi. Idan ya haɗu da zarni sai ƙarfinsa ya ƙaru, ya shiga narkar da fatar jariri kamar yadda yake narkar da abinci. Shi ya sa yaro mai zawo ya fi kowa samun wannan ciwo. Kashin zawo yana fitowa da sauri, yana fitowa sau da yawa, kuma wannan ruwa yana da yawa a cikinsa.

Ciwon ya fi yawa tsakanin wata tara da wata goma sha biyu. A lokacin ne yaro ya fara zama da rarrafe, kuma ya fara shan kunu da fura da cin ɗan tuwo, kashinsa ya sake. Jaririn da yake shan nonon uwa zalla bai cika samun ciwon da tsanani ba, domin kashinsa ba shi da kaifi kamar na mai cin abinci ko mai shan madarar gwangwani. Wannan ɗaya ne daga cikin amfanin shayar da nonon uwa zalla har wata shida, ba tare da ruwa ko jiƙo ba.

Halin da muke ciki a nan

Mai ba da shawara yana iya cewa "a wanke, a sake tsumma" cikin sauƙi. Amma wanda ya san Damargu ya san ruwa ba abin wasa ba ne. Rijiyoyinmu suna da zurfi, wasu sai da raƙumi ko jaki ko sa ake jan guga. A bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40, tabkuna sun ƙafe, mace tana iya ɓata rabin yini a bakin rijiya ko a layin famfo, jariri yana goye a bayanta. Ya yi fitsari, zane ya jiƙe, ya bushe a jikinsa, ya sake jiƙewa. Ga gumin uwa, ga nasa. Da damina kuma tana gona tun safe, ko tana kai abinci, kuma lokacin ne zawo ya fi yawa saboda ruwan tabki. Da hunturu ana dunƙule jariri cikin tufafi masu yawa don tsoron sanyi, ba a cika buɗe shi a duba ba.

A garuruwa kamar Tanut da Belbeji da Bakin Birji, famfas ya shigo, wanda wasu ke kira kush. Famfas yana shanye fitsari fiye da tsumma, wannan gaskiya ne. Amma da kuɗi ake sayen sa, sau da yawa ɗai-ɗai a kanti. Saboda haka sai a sa wa yaro guda ɗaya tun hantsi, ba a cire ba sai magariba, don kada a yi asara. Famfas ɗin da ya wuni a jiki ya fi tsohon zane cutarwa, domin bayansa roba ne, iska ba ta shiga. Haka nan wandon roba, da ledar da wasu suke ɗaurawa a kan tsumma don kada yaro ya ɓata zanen fita. Zanen uwa ya tsira, fatar ɗa ta dahu.

A ganinmu, gidan da ba ya iya sayen famfas huɗu ko biyar a yini gara ya ajiye shi don ranar tafiya, ko ranar awo, ko biki. A gida a yi amfani da tsumma mai laushi na auduga wanda za a riƙa sakewa, ko a bar yaro haka nan. Kakanninmu da suke barin jariri tsirara a kan tabarma a inuwa sun san abin da suke yi.

A duba wurin da kyau

Kafin a shafa komai, a kwantar da jariri a wuri mai haske, a buɗe ƙafafunsa, a duba. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai kamar yadda ake nunawa a hotunan littattafan Turawa. Wurin yana iya yin duhu fiye da sauran jiki, ko ya yi sheƙi, ko ya yi fari-fari. A taɓa da bayan yatsa: za a ji ya fi sauran jiki ɗumi, jariri kuma zai zabura.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a duba cikin ninkin fata, wato can cikin matsematsi da tsakanin mazaunai. Idan ciwon yana kan tudun mazaunai da saman cinya da kan gaba, amma cikin ninkin lafiya lau yake, to ƙunar fitsari da kashi ce kawai. Dalili kuwa, tsumma bai taɓa cikin ninkin ba. Wannan ana iya maganin sa a gida.

Idan kuwa ciwon ya shiga har cikin ninkin, ya yi ja wur, gefensa ya fito sarai, kuma ga ƙananan ƙuraje sun warwatsu a kewayensa kamar ƴan tsaki kewaye da kaza, to wani abu ya hau kan ciwon. Za mu zo kansa nan gaba.

Aikin gida na kwana uku

Maganin farko shi ne iska, kuma kyauta ne. A cire wa jariri komai daga ƙugu zuwa ƙasa, a shimfiɗa masa zane mai tsabta a kan tabarma, a inuwa, a bar shi ya yi ta harbin iska. A yi haka sau da yawa a yini, gwargwadon iko. Lokacin barcin rana ma a bar shi a buɗe. Kada a ajiye shi a kan ƙasa ko rairayi da miki a jiki, kuma a kore masa ƙuda.

Na biyu, da zarar ya yi kashi a wanke nan take, ko da tsakar dare ne. Tsumman fitsari ma kada ya wuce awa biyu ko uku a jiki. Sabon haihuwa yana iya yin fitsari sau goma ko fiye tsakanin yini da dare, saboda haka tsumma biyu ba su isa ba. Tsohon zanen atamfa ɗaya da ya sha wanki ya yi laushi, idan aka yayyaga shi, zai ba da shida ko takwas.

Wankin ba ya bukatar ruwa da yawa. Rabin buta ya isa. A zuba ruwan a hankali ya gangara a kan wurin, a sa hannu a shafa sannu-sannu. Ruwan ya zama mai tsabta, mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba. Idan na tabki ne, a tace, a tafasa, a bar shi ya huce, a ajiye na jariri dabam a tulu ko jarka mai murfi. Mace mai zuwa gona ko rijiya ta riƙe ƴar gora ta wannan ruwa da tsumma biyu a ƙullinta. Ga ƴa mace, a wanke daga gaba zuwa baya, don kada kashi ya shiga mafitsara. Sabulu sau ɗaya a yini ya isa, lokacin wanka, kuma ya zama marar turare. Kada a sa soso a wurin. Kada a sa omo ko sabulun wanki. Takardar goge jiki mai danshi da ake sayarwa a kanti, mai ƙamshi, a ajiye ta har wurin ya warke, domin tana yi wa miki zafi.

Bayan wanki kada a goge. A ɗan daddanna da busasshen ƙyalle mai laushi, sa'an nan a bar iska ta ƙarasa busarwa. Wanda ya shafa mai a kan jiƙaƙƙiyar fata ya kulle danshi a ciki.

Na uku shi ne mai. Aikin mai a nan kamar aikin yaɓe ne a jikin rumbu kafin damina: ya tsaya tsakanin fata da ruwa. Wanda ya fi kyau shi ne farin man nan mai kauri da ake samu a kantin magani, wanda a jikinsa an rubuta oxyde de zinc. Idan babu shi, basilin fari marar turare yana yi. Man kaɗanya mai tsabta, wanda ba a haɗa shi da komai ba, shi ma yana tsare fata. A shafa da kauri, har a daina ganin fatar, duk lokacin da aka sake tsumma. Mata da yawa suna shafawa kaɗan kamar man fuska, sai su ce magani bai yi ba. Kuma idan an zo sake tsumma, ba sai an kankare man farko duka ba. A cire wanda ya ɓaci kawai, a ƙara sabo a kai. Kankarewa tana ɗaye sabuwar fatar da ta fara tsirowa.

In za a ɗaura tsumma, a ɗaura sako-sako, yadda yatsu biyu za su shiga. Uwa ta wanke hannunta da sabulu kafin ta taɓa wurin da kuma bayan ta gama. Kashin jariri a zuba shi a masai ko a binne, domin yana ɗauke da cuta kamar na babba, ko da yake mutane suna cewa kashin yaro ba ƙazanta ba ne.

Wankin tsumma

A nan ne ƙarancin ruwa ya fi cutarwa. Ana wanke tsumma da omo, a ɗauraye sau ɗaya, a shanya. Ragowar omon yana nan cikin zaren. Idan yaro ya yi fitsari sai ya narke a kan fatarsa. Gara a rage sabulu a ƙara ɗauraya: sau biyu, ko uku, har ruwan ya daina santsi. Ruwan ɗaurayar ƙarshe ba asara ba ne, ana iya fara wankin gobe da shi. A shanya a kan igiya ko dangan kara, cikin rana sosai, kada a shanya a ƙasa. Rana kam Allah ya hore mana ita, kuma tana kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Tsumman da aka shanya ba tare da wanki ba, don wai fitsari ne kawai, shi ne gidan zarni. Lokacin da yaro yake da ciwo, yana da kyau a tafasa tsummansa sau ɗaya a yini idan itace ya samu.

Maigida, wannan sashe naka ne. Sabulu, da ƙarin jarkar ruwa, da kwalbar basilin, daga aljihunka za su fito. Idan akwai amalanke a gida, ƙarin jarka ɗaya saboda jariri ba za ta gagari jaki ba.

Idan kwana uku sun wuce

Idan an yi duk wannan da gaske har kwana uku amma babu sauƙi, mafi yawan lokaci funfuna ce ta hau kan ciwon. Likitoci suna kiran ta kandida. Danginta ne suke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu a rufe. Tana zaune a cikin hanji da bakin mutane da yawa ba tare da ta cutar ba. Amma idan ta samu wuri mai ɗumi, mai danshi, mai rauni, sai ta yaɗu. Ita ce take shiga cikin ninkin fata, ita ce take fitar da ƴan ƙurajen nan na kewaye. Basilin da man kaɗanya ba sa kashe ta. Ko an shekara ana shafawa, tana nan.

A buɗe bakin jariri a duba. Idan akwai fari a harshe da cikin kumatu, kamar nonon da ya daskare, kuma an goga bai fita ba, to funfunar tana bakin ma. Daga baki take bi ta hanji ta fita a kashi. Uwa kuma tana iya jin kan nononta yana zafi ko ƙaiƙayi. Sai an yi maganin wuraren duka tare. In an warkar da mazaunai an bar baki, ciwo zai dawo.

Wani abin da ke kiran funfuna shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta, kamar ruwan amoksisilin da ake ba yara don tari. Yana kashe masu cutarwa, yana kashe masu amfani da suke tare funfuna. Idan likita ne ya rubuta shi, a ba yaro har ya ƙare, a dai ƙara kula da mazaunansa. Amma sayen sa a faranti a kasuwa duk lokacin da yaro ya yi atishawa, wannan neman ciwo ne da kuɗi.

Maganin funfuna a gidan likita ake samun sa. Ma'aikacin lafiya zai duba, ya rubuta man shafawa irin su nistatin, ko kulotirimazol, ko mikonazol. Ana shafa shi siriri a kan busasshiyar fata sau biyu ko uku a yini, yadda aka faɗa, sa'an nan a ɗora man kariya a kansa. Sauƙi yakan fara bayyana cikin kwana biyu ko uku. A nan ne mutane suke kuskure, su daina. A ci gaba har kwanakin da aka yanka su cika, yawanci sati ɗaya zuwa biyu, ko da wurin ya yi kamar ya warke. Mai noma ya san ciyawar da aka sare kanta aka bar saiwa. Na baki kuma akwai nistatin na ɗigawa. Ruwan shuɗin nan da ake shafa wa miki, sai wanda ma'aikacin lafiya ya sirka, domin mai ƙarfi yana ƙona fatar jariri.

Abubuwan da suke ƙara ɓata ciwo

A kasuwanninmu akwai man shafawa na bututu iri-iri, waɗanda masu talla suke cewa suna maganin kowane ƙurji. Da yawansu akwai wani sinadari mai ƙarfi a ciki, irin wanda yake cikin man da wasu mata suke shafawa don su yi fari. Ranar farko da ta biyu ja yakan kwanta, uwa ta yi murna. Daga baya fata ta yi siriri, funfuna ta ƙara ƙarfi, ciwo ya dawo fiye da da. Bugu da ƙari, fatar jariri tana shanye maganin ya shiga jini, musamman a wurin da tsumma ya rufe, har ya iya taɓa girman yaro. Ga amfanin yaƙi da jahilci: ku juya bututun ku karanta ƙananan rubutun. Idan kun ga bétaméthasone ko clobétasol, kada ya taɓa jikin jariri. Akwai mai sauƙi daga cikin danginsu wanda likita kan rubuta na ƴan kwanaki idan kumburi ya yi yawa. Wannan hukuncin likita ne.

Hoda ma a bar ta. Idan ta haɗu da fitsari takan dunƙule a cikin ninki ta riƙa guga, kuma ƙurarta tana shiga huhun jariri. Kada a fasa kafso a barbaɗa garinsa a miki. Kada a sa toka, ko kanwa, ko man mota, ko man goge haƙori, ko mai mai yaji irin na ciwon jiki. Kada a gasa wurin da ruwan zafi.

Idan duburar yaro ta yi ja, tsofaffi sukan ce ɗankanoma ne, ko kurga, su kawo jiƙo ko garin da za a cusa. Muna girmama iyayenmu, kuma sun raini ƴaƴa da yawa kafin mu. Amma jan duburar yaro mai zawo ƙunar kashi ce. Cusa abu a dubura yana yaga wurin, yana shigar da cuta. Uwa ƙarama ba ta iya musu da uwar miji, mun sani. Maigida ne ya kamata ya yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi, ko a tafi da ita gidan likita ta ji da kunnenta.

Zawo da tamowa

Muddin zawo bai tsaya ba, mazaunai ba za su warke ba. Kuma zawo ya fi ƙurajen haɗari nesa ba kusa ba, domin shi yana kisa. Kada a ce na haƙori ne a zauna. A ci gaba da ba da nono fiye da kullum. A karɓo garin gishiri da sukari na likita, a dama ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan. A shekarar 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar a haɗa da ƙwayar zinc har kwana 10 zuwa 14: rabin ƙwaya a yini ga wanda bai kai wata shida ba, ƙwaya ɗaya ga wanda ya wuce. A shekarar 2014 kuma Nijar ta shigar da rigakafin rota cikin rigakafin jarirai. Ɗigo ne a baki, yana kare yaro daga wani mugun zawo na ƙanana. A duba katin awo a tabbata an yi.

Akwai kuma ciwon fata da asalinsa tamowa ce. Ƙasar nan tamu, wadda a da ayarin Abzin suke zuwa awon gero a cikinta, ta ga tamowar yara da idonta a shekarun 2005 da 2010, kuma kowace shekara takan ƙaru idan rumbu ya yi ƙasa kafin kaka. Yaro mai tamowa mai tsanani fatarsa takan yi baƙi-baƙi, ta riƙa ɓarewa kamar tsohon fenti, musamman a mazaunai da cinyoyi. Ƙafafunsa sukan kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Wannan babu man da zai warkar da shi. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa a ƙirga uku. Idan rami ya zauna, a kai shi likita a ranar. Matan da aka ba ɗan ma'aunin damtse mai launi uku su auna yaron da ya kai wata shida: ja yana nufin bai kai milimita 115 ba, rawaya ma ta isa a kai shi. A gundumar Mirya, nan jiharmu ta Damagaram, ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA suka gwada koya wa iyaye mata wannan awo, aka ga suna iyawa sarai.

Lokacin da ba a jira

Akwai alamun da ba a jiran kwana uku. Idan jikin jariri ya yi zafi. Idan ya ƙi kama nono, ko ya yi laƙwas. Idan ƙurajen sun ɗuri ruwa ko mugunya, ko sun yi ɓawo mai launin zuma. Idan wurin ya zama gyambo, ko yana jini, ko ya kumbura ya yi tauri. Idan ciwon ya haura ciki da baya. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, kowace irin alama daga cikin waɗannan ta isa a tashi nan take, ko dare ne, domin cuta tana shiga jininsa da sauri.

Wani lokaci kuma ciwon ba na tsumma ba ne sam. Idan yaro yana susa da dare, ƙuraje sun fito a tafin hannu da tafin ƙafa da hammata, kuma wasu a gidan suna susa, ƙazwa ce, sai an yi wa gidan duka magani. Ƙurajen zafi ƙanana ne, suna fitowa a wuya da baya da goshi a bazara. Idan akwai ɓawo mai maiƙo a kai da bayan kunne tare da na matsematsi, wannan wani ciwon fata ne dabam da jarirai suke yi a watannin farko. Funfunar da take dawowa a kai a kai, ga yaro ba ya ƙara nauyi, likita zai so ya auna jinin uwa da na ɗa. Kada a ji tsoron awon, kada a ƙi.

A fara da gidan likita mafi kusa, ko ƙaramin na ƙauye ne. Akwai cibiyoyin CSI a manyan garuruwa kamar Gangara, Olelewa, Falanko da Belbeji. Abin da ya fi ƙarfinsu za su tura asibitin gunduma na Tanut, inda ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, ko babban asibitin Damagaram. Tun shekarar 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a likitocinta. Wani lokaci magani yakan ƙare a wurin, a rubuta takarda a ce a sayo, saboda haka maigida ya ba da ɗan guzuri. A tafi da katin awo. A tafi kuma da duk bututu da kwalba da ƙullin da aka riga aka shafa wa yaro, a nuna ba tare da kunya ba. Ganin su yana taimakon ma'aikacin lafiya ya gane abin da ya faru da fatar.

Bayan an warke

Idan ciwon ya warke, wurin yakan bar fari, ko duhu, kamar tabon ƙuna. Iyaye sukan tsorata, su zaci wata cuta ce ta fito, su koma shafe-shafe. Launin fata ne kawai bai gama dawowa ba. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, ya koma daidai da kansa. Idan wurin sumul yake, ba ya zafi, ba ya ɓawo, a bar shi. A ci gaba da shafa basilin ko man kaɗanya da dare, da duk ranar da za a yi doguwar tafiya da goyo, da kuma ranar farko da aka ga cikin yaro ya fara sakewa.